Baƙo a Ƙasar Ƙiru: Me Za a Zuba Masa?

(KIƊAN BUƊE SHIRI, A SASSAUTA)

 Wanda ya ci abinci kafin ya kunna rediyo ya yi wa kansa gata. Wanda bai ci ba kuwa sai ya yi haƙuri da ni, don hirar yau ta tukunya da ƙwarya ce. Za mu bar birnin Kano mu kama titin Zariya mu yi kudu: Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada, in lokaci ya bar mu har Doguwa. Tambaya ɗaya muka riƙo: in baƙo ya sauka a wannan yanki, me ya kamata ya sa a bakinsa kafin ya juya?

Ga abin da ya jawo tambayar. Kwanakin baya na je ɗaurin aure wani ƙauye a ƙasar Ƙiru. Aka sauke mu a zaure, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Can sai ga yaro da faranti: taliyar leda da soyayyen ƙwai, da lemon kwalba wanda rana ta gama dafawa. Ni kuwa tun da na zauna hancina ke jiyo wani ƙamshi daga cikin gida, ƙamshin dambu, zogale da albasa da man gyaɗa. Da na shiga gaida tsohuwar gidan, na durƙusa na ce, Inna, wannan ƙamshin fa? Ta yi dariya ta ce, ai ɗan nan na yara ne, ku mutanen birni ina za ku iya cin wannan. Na ce Inna, don Allah a kai wa yaran taliyar, a ba ni nasu. Kwano biyu na tashi da shi, ban ji kunyar kowa ba.

Baƙonka Annabinka, in ji Hausawa, kuma da zuciya ɗaya Inna ta yi. Sai dai mun kai wani matsayi da muke ɓoye abincinmu a madafa, mu tarbi baƙo da abin da ya baro a garinsu.

(KIƊA)

To bari in kai ku baya kusan shekara 200, wajen wani baƙo da ya taɓa bin wannan hanya. Sunansa Kyaftin Hugh Clapperton, mutumin ƙasar Sikotilan da ke arewacin Birtaniya, an haife shi a wani gari da ake kira Annan a 1788. Zuwansa biyu ƙasar Hausa. A na farko ya shigo Kano ta Barno a watan Janairun 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A na biyu ta kudu ya ɓullo, daga bakin teku a Badagiri, ya keto ƙasar Yarabawa, ya haye kogin Kwara, ya biyo ta Zariya, a 1826 ya sauka a Bebeji kafin ya shiga Kano. Abdullahi ake kiransa a nan, shi ne sunan da ya ɗauka don tafiya. Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda ya rubuta sunan garin a littafinsa. Bari in karanto muku baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: B, A, E, B, A, E, G, I, E. Wai Bebeji ke nan! Mutanen Bebeji, ku yafe masa, ya rasu tun watan Afrilun 1827 a kusa da Sakkwato.

Me ya sa na ɗauko shi? Don mutanen ƙasarsu ba su san ɓoye tukunya ba. Babban abincin da suke tinƙaho da shi sunansa hagis. Kun san mene ne? Kayan cikin tunkiya ne. Zuciya da hanta da huhu, a daddatsa su ƙanana, a haɗa da kitse da albasa da yaji da wani hatsinsu da suke kira ots, a ɗura a cikin tumbin tunkiyar, a ɗaure a dafa. Shi ke nan fa. Abincin talaka ne wanda ba ya son komai na dabba ya tafi a banza. Amma mawaƙinsu Robert Burns ya yi masa waƙa, kuma kowace ranar 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙin, sai a yi taro, a shigo da hagis a faranti ana busa masa algaitarsu mai salka, kamar an rako sarki. Amurka ta hana shigar da abincin da ke da huhun tunkiya tun 1971, wannan bai sa sun fasa ba. Baƙo ya je ƙasarsu, shi za a fara miƙa masa. Kayan ciki, jama'a! Abin da matanmu ke soyawa ranar Babbar Sallah tun kafin a taɓa tsokar rago.

Kuma karin kumallonsu wani kunu ne mai kauri na wannan hatsin, da ruwa da gishiri. Shi ya sa raina ke ba ni, ranar da aka miƙa wa Abdullahi ƙwarya a ƙasar Kano, ba zai ji ya yi nisa da gida sosai ba.

Da ƙwaryar za mu fara. Fura da nono. Baƙon da ya zo ƙasar Ƙiru bai sha fura ba, ya koma ya sake zuwa. Ba wadda ake markaɗawa da inji a shago nake nufi ba, da madarar gari da ƙanƙara. Ina nufin gero da aka surfa aka wanke, aka daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, aka cura, aka jefa a tafasasshen ruwa, aka tsamo aka kirɓa a turmi har ta yi danƙo, sannan aka sake curawa aka birkiɗa ta a gari. Sai Bafulatana ta sauke ƙwaryarta a gindin bishiya, ta ɗaga faifai, ta dama maka da ludayi kana kallo. Nan akwai abin da baƙo zai sani: nono iri biyu ne. Kindirmo shi ne wanda ba a cire masa mai ba, mai kauri, mai gardi. Tsala shi ne wanda aka kaɗe aka kwashe man shanun, ya fi ruwa, ya fi tsami, ya fi araha. Ka ce kindirmo. Kuma ka ce kada a murje furar duka, a bar maka gaya, waɗannan 'yan gutsattsarin da za ka riƙa tauna a ƙarshen ƙwarya. Ruwan da za a ƙara kuwa, gara ka miƙa naka. Wannan shawarar ɗan'uwa ce.

Kada kuma ka nemi sukari. Ga dalili.

(SAUTIN KASUWA DA ƘARAR MOTOCI)

Wannan hayaniyar Kwanar Dangora ce, a ƙaramar hukumar Ƙiru. A wannan tsakanin, daga nan zuwa Kafin Maiyaƙi, hanyoyi ke rabuwa: mai Zariya da Kaduna ya miƙe, mai Tudun Wada da Jos ya karkata. Mota ba ta gama tsayawa ba an kewaye ta. Kuma abin da idonka zai fara gani, musamman da sanyin hunturu, rake ne, dami-dami a jingine. Fadamun wannan yanki, har su haɗe da na Maƙarfi a jihar Kaduna, ƙasar rake ce. Daga raken nan ake yin abin da ni a wurina ya fi kowace alewar kanti: mazarƙwaila.

Wanda bai taɓa ganin ana yin ta ba ya yi asarar kallo. A da, kuma har yanzu a wasu wurare, doki ne ke aikin. An kafa ƙarfen matsa a tsakiyar fili, an ɗaura masa dogon itace, an ɗaure doki a ƙarshen itacen, yaro na binsa da tsumagiya yana ta kewayawa, yana ta kewayawa, wani na tura sandunan rake a bakin ƙarfen, ruwan na tsiyaya a mazubi. Yanzu inji ya karɓe wa doki aikin a wurare da yawa. Sai a juye ruwan a wani ƙaton kasko a kan murhu, kuma ka ji dabara, tuƙar raken da aka matse, in ta bushe, ita ce makamashin. Rake ke dafa kansa. Ana dafawa ana kwashe kumfa, ana juyawa, ruwan na ƙafewa yana yin ja, yana yin kauri, har mai aikin ya ɗebo da ludayi ya duba ya ce ya yi. Babu agogo, babu ma'auni, ido ne da hanci. Sai a zuzzuba a ƙananan kwanoni, ya sha iska ya daskare, a kife. Ga mazarƙwaila nan, ja wur, da ɗan ƙamshin hayaƙi. Ka gutsura ka jefa a fura, ko a kunun tsamiya, ko ka haɗa da soyayyar gyaɗa kana tafiya kana ci. A Indiya irin wannan sukarin har ƙasashen waje suke kai shi a kwali mai kyau. Namu yana kan tire a bakin titi, ƙura na sauka a kai. Ka saya dai, ka kankare bayan.

(KIƊA)

Mu koma Bebeji. Garin fatake ne tun fil azal, a kan hanyar da ayarin goro ke bi zuwa Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa, kuma da goro ya fara kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Na ambace shi ne don abubuwa biyu da ya yi fataucinsu suna cikin kwanon baƙo har gobe: goro da za a miƙa maka bayan ka wanke hannu, da gyaɗa wadda in ka cire ta rabin abincin yankin ya rushe. Man da ke kan ɗan wake nata ne. Ƙuli-ƙulin da ke jikin tsire nata ne, haka wanda ake kwaɗa zogale da rama da shi. Shi ɗan wake, ga wanda bai sani ba, garin wake ne da na rogo da kuka da ruwan kanwa, a kwaɓa a riƙa jefawa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya nuna. Da safe ake cinsa, kuma wanda ya ci ya gama da maganar abinci sai la'asar.

A ƙasar Bebejin ne kuma dam ɗin Tiga yake, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwansa ne ke shayar da gonakin Kadawa, shinkafa da alkama da tumatir. Amma abin da ya shafi cikinka shi ne kifi. Ƙarfasa da tarwaɗa, daga kwale-kwale zuwa kasko, a barbaɗa yaji. Ka zaɓi wanda aka tsamo daga mai a gabanka.

Ana ɗaga min hannu daga bayan gilashi, wai lokaci. To mu taka mota.

Tudun Wadar Ɗankadai garin shinkafa ne. Shanshera ake kawowa buhu-buhu, mata su yi gumi, a shanya, a kai inji. Shinkafar nan 'yar gida ita za ka nema, ko a garau-garau da wake da mai da yaji, ko tuwo da miyar taushe, ko waina da safe. In haƙorinka ya gamu da ɗan tsakuwa, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Doguwa kuwa, bayan ka keta dajin Falgore, ƙasa ta fara hawa, iska ta yi sanyi, ruwan sama ya fi na ko'ina a jihar Kano. Masara ce sarauniya a can, da dankalin turawa, har zuwa duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Kusancinsu da ƙasar Zazzau ya sa fate ya zauna: tsakin masara da yakuwa da alayyafo da dakakkiyar gyaɗa, a sha da zafinsa. Na so in yi maganar zuma, na so in yi maganar daddawa da miyar kuka, ban ko taɓa kunun kanwa ba. Sai wani makon.

Inna ta can ƙasar Ƙiru, in kina saurare, ina gaisuwa, kuma ina nan tafe bayan an girbe gero. A ajiye taliyar. 

(KIƊAN RUFE SHIRI)