Toka a Goshi, Kifi Ranar Juma'a: Yadda Katolika Ke Azumi

A watan Maris na 2025 azumi biyu suka haɗu a Najeriya. Musulmi sun ɗauki na Ramadan ranar 1 ga wata, ranar Laraba 5 ga wata kuma mabiya ɗariƙar Katolika suka fito daga majami'u da alamar gicciye ta toka a goshinsu. A ofisoshi da kasuwannin Kaduna da Jos, wanda ya ga abokin aikinsa ya ce yana azumi kuma yana kurɓar ruwa da tsakar rana, ba abin mamaki ba ne ya tambaya: wannan wane irin azumi ne?

Tambayar tana bisa hanya, domin idan dokar ciki kaɗai za a duba, azumin Katolika ba shi da nauyi. A cikin kwanaki arba'in na azumin kafin bikin Ista, biyu ne kacal aka wajabta rage abinci: Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciye Yesu Almasihu. A ranakun nan mutum zai ci cikakken abinci sau ɗaya, ya ɗan taɓa sau biyu abin da bai kai cin ƙoshi ba, ruwa kuwa ba a hana shi ba. Wajibcin yana kan mai shekara 18 zuwa 59. Kowace Juma'a kuma, duk wanda ya kai 14 ba zai ci nama ba. Ranakun Lahadi ba sa cikin lissafi, shi ya sa daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista za ka ƙirga kwana 46. Adadin arba'in ɗin ya samo asali ne daga kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi yana azumi a jeji.

Da can lamarin ba haka yake ba. Tun a taron Nikiya na shekarar 325 an ambaci waɗannan kwanaki arba'in, kuma ƙarnuka da dama Kiristocin Turai sau ɗaya suke ci a yini, babu nama, babu ƙwai, babu madara. Cinye abin da ya rage a ɗakin girki kafin shiga azumi yana cikin tushen bukukuwan da a yau ake cashewa a titunan Rio ta Brazil, inda da yawa daga masu rawar ba su da niyyar azumtar komai. Ita ma tokar, da farko masu manyan zunubai da suka tuba a bainar jama'a ake barbaɗa wa, sai a 1091 Paparoma Urban na Biyu ya ce a shafa wa kowa. Har yau daga ganyen dabino ko na kwakwar manja da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara ake ƙona ta. Fada, wato limamin coci, yakan dangwala babban yatsa, ya zana gicciye, yana tuna wa mutum cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma.

Sassaucin da ake gani yanzu ya tabbata ne a 1966, lokacin da Paparoma Paul na Shida ya sake tsara dokokin tuba. Hujjarsa ita ce tuba aikin zuciya ne, don haka aka rage abin da doka ta tilasta, aka bar wa kowa ya zaɓi abin da zai hana kansa. Wani ya bar giya, wata ta bar gulma, matashi ya ajiye Facebook. A ganina nan ne tsarin ya fi wuya, kuma nan ne ya fi sauƙin zamewa, domin babu mai sa maka ido.

Dubi dokar nama. A ƙauyen da iyali kan yi wata ba su ga tsoka a miya ba, hana nama ranar Juma'a bai sauya komai ba. A birni kuwa mai hali zai bar tsire ya zauna gaban farfesun tarwaɗa wanda kuɗinsa ya ninka na tsiren, ya tashi yana ganin ya cika umarni. Ya cika harafin doka dai. Shi ya sa limaman coci ke nanata cewa azumi ba ya tafiya shi kaɗai, sai da addu'a da sadaka, kamar yadda babi na shida na Linjilar Matiyu ya jera su: abin da ka hana cikinka, hakkin mayunwaci ne.

Wanda yake son ganin ainihin lokacin, ya leƙa majami'a da yammacin Juma'a. Fada na sanye da shunayya, an ɗauke furanni daga bagade, an daina rera Halleluya sai Ista. Jama'a na bin Hanyar Gicciye, tasha goma sha huɗu, daga yanke wa Yesu hukunci zuwa sa shi a kabari, ana durƙusawa ana tashi cikin zafin bazara, tsofaffin Zumuntar Mata na dafa benci kafin su miƙe. A gefe ga layin masu jiran furta zunubansu, wasu rabonsu da wurin tun bara.

Akwai kuma waɗanda kwanakin suka fi shafa, wato manyan da ke shirin shiga ikilisiya. Katikis ya daɗe yana koyar da su, a karkara sau da yawa da Hausa. A Lahadin farko ake rubuta sunayensu, a ta uku da ta huɗu da ta biyar a yi musu addu'o'i na musamman a gaban jama'a, sannan a yi musu baftisma a daren Asabar, jajibirin Ista. A ƙarnukan farko, shirya irin waɗannan mutane na daga cikin dalilan da suka sa aka ware kwanakin, sauran masu bi suna taya su azumi ne.