Kafin ka sayi irin kiziljik a intanet

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da hunturu ya kakkaɓe ganyen itatuwan Turai, akwai wata 'yar bishiya da take riga kowa fure. Rassanta sukan cika da ƙananan furanni rawaya tun ganye bai tsiro ba. Masana tsirrai suna kiranta Cornus mas, Turkawa kuma kiziljik. Asalinta kudancin Turai ne da yammacin Asiya, kamar Turkiyya da Iran da Azarbaijan. Zuwa Agusta da Satumba takan nuna 'ya'ya jajaye masu tsami, sun ɗan fi magarya girma. Turkawa suna yin abin sha da su, Iraniyawa kuma sukan shanya su.

Hoton furen nan ne yake jan hankalin masu sha'awar lambu, har su aika kuɗi a turo musu iri. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, ƙwallon nan ba ya tsira yadda muka saba, a shuka yau a ga tsiro mako mai zuwa. Barcinsa hawa biyu ne: ɓawon waje mai taurin gaske, sannan ƙwayar ciki wadda ba ta motsi sai ta sha sanyi. Don haka sai ya yi wata uku zuwa huɗu cikin ɗumi da danshi, sannan ya yi wasu ukun ko huɗun cikin sanyi mai maki 1 zuwa 5 a ma'aunin Salsiyos. In aka sa shi a sanyi tun farko ba tare da ɗumin ba, yawanci shiru za a ji.

Mai son gwadawa ya cire naman 'ya'yan tas, ya wanke ƙwallon, ya binne shi cikin yashi mai danshi, irin wanda in ka matsa a hannu ba zai ɗiga ba. A zuba a leda a ɗaure. Duk mako a buɗe a duba. Wanda ya yi funfuna a fitar da shi. In watannin ɗumin sun cika, a sa ledar a ɓangaren kayan miya na firji, ban da wajen ƙanƙara. Irin da ya daɗe a bushe cikin shago ya fi taurin kai, shi ya sa sabon tsinka ya fi.

'Yan uwanmu da suke karatu ko zaune a Turkiyya da Jamus ba sai sun sha wannan wahala ba. Su shuka a tukunya a waje da kaka, su rufe bakinta da ragar waya saboda ɓera da kurege, su bar yanayi ya yi aikinsa. Sau da yawa sai bayan hunturu na biyu ake ganin tsiro, wato kusan wata 18. Mutane da dama sukan zubar da ƙasar tukunyar tun shekarar farko, suna zaton irin ya mutu. Bayan tsiron ma sai an jira shekaru kafin fure, ba kuma lalle 'ya'yan su yi kama da na uwar ba. Mai gaggawa gara ya sayi dashen da aka yi wa aure, ya dasa nau'i biyu daban-daban kusa da juna don su fi ba da 'ya'ya.

Mu na gida kuwa, gaskiya ban ga dalilin ɓarnar kuɗi ba. Ko da wutar lantarki ta yi wata huɗu ba a ɗauke ta ba, firji iri kawai zai iya ruɗa. Ita bishiyar tana buƙatar sanyi mai tsanani na makonni duk shekara kafin ta yi fure, sanyin hunturun Kano ko Maraɗi kuwa da hantsi ya kau, ga zafin bazara da yake haura maki 40. Sannan shigo da iri Najeriya sai da izinin hukumar NAQS mai killace kayan gona, saboda cututtukan tsirrai.

Wanda rawayan furen ne ya burge shi, ya nemi marga. Da rani take zubo furanninta rawaya reto-reto, kuma irinta jiƙa shi kawai ake yi cikin ruwan zafi ya kwana, a shuka.