Yawan Sauya Aiki: Abin Da Matasanmu Ya Kamata Su Sani

'Yan'uwa, duk lokacin da muka buɗe gurbin aiki, abin da muke fara dubawa a takardar mai nema shi ne inda ya yi aiki da tsawon zamansa a can. Sau da yawa mukan ga matashi ya yi wata huɗu yana koyarwa, wata uku a kantin magani, wata biyu yana gadi. Irin wannan takarda takan sa mai ɗaukar ma'aikata ya ja baya.

Dalili kuwa, koya wa sabon ma'aikaci aiki yana cin kuɗi da lokaci. In ya tafi kafin ya ƙware, an yi asara. Haka kuma, wanda bai daɗe a wuri ba da wuya ya sami mai tsaya masa.

Amma ba kowace tafiya ce laifi ba. Wani kwantiraginsa ne ya ƙare, wani ba a biyansa albashi, wani kuma damina ce ta mai da shi gona. In haka ne, a bayyana dalilin tun a takardar neman aiki.

Shawararmu ita ce a daure a cika aƙalla shekara ɗaya. In tafiya ta zama dole, a sanar tun da wuri. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, ya ba da sanarwar mako ɗaya a ƙalla. A karɓi takardar shaida, a rabu lafiya.

Iyaye kuma, kada mu matsa wa 'ya'yanmu su bar aiki saboda ƙarin 'yan kuɗi kaɗan a wani wuri.