Ruwa Ba Ya Ƙarya: Yadda Za Ki Gane Zinariyar Gaske

Kwanan baya wata maƙwabciyarmu a nan Diggi ta sayar da tumakinta biyu, ta sayo wa 'yarta warwaro na aure. Ba a yi wata uku ba sai ga shi ya dushe. Ashe tagulla ce aka shafa wa ruwan zinariya. To, ga dabarar da za ta tsare ki daga irin wannan hasara.

Kin lura in kin tsoma ludayi cikin ƙwarya cike da ruwa sai ruwan ya zube? Abin da ya zube, daidai yake da girman abin da ya nutse. Wani masani Bagirike, Arkimidis, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi aka ce ya fara gane haka. Sarkin garinsu, Sirakus, ya yi zaton maƙeri ya gauraya masa azurfa cikin hular sarauta ta zinariya. Arkimidis ya shiga wanka, ya ga ruwa ya tashi, nan take ya gane hanyar tona asirin.

Ga yadda za ki yi. Ki sa a auna miki nauyin abin a sikeli. Ki sami kofin gilashi siriri, ki zuba ruwa, ki yi alama daidai inda ya tsaya. Ki ɗaura zare ki saki abin a hankali har ya nutse. Sa'an nan ki zuƙe ruwan da sirinji har ya komo kan alamar, ki duba mililita nawa ne.

Tsantsar zinariya giram 19 ruwan mililita ɗaya kaɗai take turewa. Azurfa kuwa giram 10 da rabi, tagulla wajen giram 9. Ke nan warwaro mai giram 38, in zinariya ce, abin da za ki zuƙe bai fi mililita 2 da 'yan kai ba. In ya kai 4, 'yar'uwa, riƙe kuɗinki.

Amma fa ki kula, abin da ke da rami a ciki ko mai duwatsu zai ruɗe ki, wannan sai a kai wa amintaccen maƙeri. Ku 'yan makaranta, ku gwada da tsakuwa tukuna, ku koya wa iyayenku mata. Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.