Jirgin Ruwa Kyauta Daga Gidan Caca: Wa Ke Biyan Kuɗin?

Wani saƙo yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Amurka, daga Niyok zuwa Hustan, har ya tsallako ya shiga zaurukan dangi a Kano da Abuja. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne gidajen caca suna raba takardar tafiya kyauta a manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, kwana bakwai a tekun Karibiyan, kai da iyalinka gaba ɗaya, ba sisi. Ya ƙara da cewa ba a buƙatar fasfo, kuma wanda bai da takardar zai iya saye a hannun wani da araha. Sai kuma ya zo da abin da ya fi komai haɗari: wai samun takardar ba caca ba ce, dabara ce kawai, ka zuba kuɗi kaɗan a inji, ka yi ta juya shi har makinka ya cika, ka cire kuɗinka ka tafi. A ƙasa an rubuta a tura wa wasu don su amfana. Wanda ya fara haɗa wannan saƙo ko dai bai taɓa karanta sharuɗɗan takardar ba, ko kuma ya karanta ya ɓoye. Ko ma wanne ne, bai kyauta ba. Masu turawa kuwa galibinsu iyaye ne da ke son su ga yaransu sun yi hutu irin na sa'o'insu, kuma ba wanda zai zarge su da wannan buri.

A fara da gaskiyar da ke ciki, domin akwai ta. Takardar ba tatsuniya ba ce. Manyan kamfanonin jiragen da ke tashi daga Mayami da sauran tashoshin Fulorida da Tekzas suna da ɗakin caca a kusan kowane jirgi, kuma kowanne yana da tsarin saka wa masu wasa. Na Royal Caribbean sunansa Club Royale, na Carnival kuma Players Club, na Norwegian shi ne Casinos at Sea. Gidajen caca na tudu ma sun haɗa kai da su, kamar yadda Caesars ke aiki da Norwegian, MGM kuma da Royal Caribbean. Mutane suna samun takardar, suna shiga jirgi, ba su biya kuɗin ɗaki ba. Iyakar gaskiyar saƙon ke nan.

Ƙananan ƙarairayin ba sa buƙatar dogon bayani. Takardar yawanci ta mutum biyu ce, a ɗaki marar taga a tsakiyar jirgi, don haka yaro na farko da na biyu kuɗinsu daban, kuma tunda yawancin ɗakunan mutum huɗu suke ɗauka, iyali mai mutum biyar sai ya kama ɗaki na biyu ko babba. Haraji da kuɗin tasha kowa zai biya, haka ma tukwicin ma'aikata, wanda ake cira kai tsaye tsakanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum a kowace rana. Mutum biyar a kwana bakwai, a kan dala 18, dala 630 ke nan a tukwici kaɗai. Batun saye a hannun wani shirme ne, domin da sunan mai wasa ake fitar da takardar, kuma dole shi da kansa ya kasance cikin matafiyan. Wanda ya tura kuɗi ga baƙo a zaure ya yi kyauta da kuɗinsa. Yaudara da sunan tafiya kyauta ma tsohuwa ce: a 2015 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta kai ƙarar wani kamfani da ya yi ta kiran mutane a waya da alkawarin tafiya Bahamas kyauta. Maganar fasfo kuwa an ɗauko ta ne daga wata doka ta 2009 da ta yarda ɗan ƙasar Amurka ya shiga da takardar haihuwa da katin shaida idan jirgin zai dawo tashar da ya tashi. Ɗan ƙasa aka ce. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ba ya ciki, kuma da zarar jirgin ya tsaya a Bahamas ko Meziko ya fita daga Amurka ke nan, sai da izinin sake shiga. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take bai wa 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, alhali kamfanonin jirgi biza mai shiga da fita suke nema. Wanda ya gayyato mahaifiyarsa daga gida da niyyar ya sa ta a jirgi, ya duba bizarta tun kafin ya biya komai, don a bakin tasha ake mayar da mutum, kuma ba a mayar masa da kuɗi.

Yanzu sai babbar maganar, wato wai dabara ce ba caca ba. Kamfanin ba ya raba takardar don ya ga fuskarka ta yi masa. Lissafi yake yi a kan abin da masu harkar ke kira asarar da ake sa ran mutum zai yi: nawa yake zubawa a kowane wasa, awa nawa ya zauna, kuma nawa ne kason gida a wannan wasan. A haɗa ukun nan, sai a san abin da mutum zai bar musu a matsakaici, sannan a mayar masa da wani yanki a matsayin kyauta. Kason gida ba sirri ba ne. Ɗauki teburin rulet irin na Amurka, wanda ke da gurbi 38, amma idan lambarka ta fito ninki 35 ake biyanka. Wannan ɗan gibin shi ne kashi 5.26 cikin ɗari, kuma ba addu'a ko wayo da ke rufe shi, domin a jikin teburin aka gina shi. Takardar jirgi kamar gyara ce da mai awo ke ƙara maka bayan ka sayi buhu. Gyaran gaskiya ne, amma daga ribar buhun aka ɗebo shi, kuma ba mai hankalin da zai sayi buhun da ba ya so don a ba shi gyara.

A duba lambobin kamfani ɗaya don a gani da ido. A tsarin Club Royale, duk dala 5 da ka zuba a injin caca maki ɗaya ne, kuma matakin da ake fara bayar da tafiyar shekara kyauta a ɗaki marar taga yana buƙatar maki 2,500. Dala 12,500 ke nan dole su bi ta cikin injin. Masu saƙon za su ce ai ba sai ka mallaki dala 12,500 ba, tunda abin da ka ci kana sake zuba shi kuma ana ƙirga maka. Wannan haka ne, kuma a nan tarkon yake. Kowane zagaye injin yana yankar kasonsa. A ƙaddara kason kashi 8 ne cikin ɗari, wanda bai yi nisa da abin da injinan Las Begas ke riƙewa ba. Kashi 8 na dala 12,500 dala 1,000 ne cif. Ma'ana mutumin da ya zauna da dala dubu yana juya ta, a matsakaici lokacin da makinsa zai cika shi ne lokacin da dubunsa za ta ƙare. Ba kuɗin da zai cire ya tafi da shi. Ya sayi ɗakin ne da dala dubu, ɗakin da a lokacin da ba na hutu ba ake sayar wa mutum biyu a kuɗin da bai fi haka da yawa ba, a fili, ba tare da zama gaban inji ba. Kuma kashi 8 ɗin nan sassauci ne. A jihar Nebada hukumar kula da caca tana wallafa abin da injina suka riƙe kowane wata, amma jiragen nan rajistar Bahamas ko Fanama gare su, ɗakin cacar ba ya buɗewa sai an fita cikin teku, kuma ba a wallafa irin waɗannan alƙaluma a kansu. Mai wasa a jirgi bai ma san girman wuƙar da ake yankarsa da ita ba.

Akwai kuma lokaci, wanda saƙon bai ambata ba ko kaɗan. Idan kowane dannawa dala biyu da rabi ce, sai an danna sau 5,000 kafin a kai 12,500. Ko da mutum yana dannawa duk bayan daƙiƙa shida ba ya ɗaga kai, ya haura awa takwas. Ga maigida zaune a kan kujera mai tsawo, fitilu suna walƙiya, babu taga balle ya san rana ta faɗi, katin jirgi a cikin injin. Katin nan ɗaya shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi yake sayen lemon yara da shi, kuma da shi zai iya ɗebo kuɗin wasa a rubuta a asusun ɗaki, don haka hannunsa ba ya taɓa takardar kuɗi balle ya ji zafin fitarta. Uwargida tana sama da yara tana jiran wanda ya ce minti goma zai yi. Yara ba a barinsu su tsaya a wurin, tunda sai mai shekara 18 ko 21 ke wasa, amma a jirage da yawa hanyar zuwa wurin cin abinci ko zauren wasan kwaikwayo ta gefen ɗakin cacar take bi. Ba kuskuren mai zane ba ne.

Mai musu zai ce ya san wanda ya samu takardar kuma bai yi asara ba, har ma ya ci riba. Ba na ƙaryata shi. Matsakaici ba ya nufin kowa zai yi asarar dubu ɗaya daidai, wani zai tashi da riba, wani zai rasa dubu uku kafin makin ya cika, wani kuɗinsa zai ƙare a rabin hanya ba takarda ba kuɗi. Bambancin shi ne wanda ya ci shi ke ɗaukar hoto a saman jirgi ya watsa a zaure, wanda ya rasa kuɗin hayar gida kuwa shiru yake yi, musamman a cikinmu inda caca abin kunya ce. Don haka labarin masu nasara kaɗai ke isowa kunne. Kamfanin shi ba ruwansa da mutum ɗaya, dubban mutane yake lissafawa, kuma a kan dubbai lissafin ba ya kuskure. Ɗakin da ya bayar ma ba ya ci masa komai sosai, domin jirgin zai tashi ko ɗakin na da mutum ko babu. Kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigar Carnival da Royal Caribbean daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya shiga jirgi yake fitowa: abin sha, intanet, yawon gari a tashoshi, hotuna, da caca. Ɗaki babu kowa ba ya sayen komai. Ɗakin da aka sa mai caca a ciki kuwa ya fi kowanne kawo kuɗi.

Wani kuma zai ce shi takardar ta riga ta zo masa, zai je ne kawai ya huta, ba zai ko leƙa ɗakin cacar ba. Wannan musun ya fi ƙarfi, kuma adalci ne a ce ba wanda zai kamo shi ya zaunar da shi gaban inji. Sharuɗɗa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai ya karanta nasa layi-layi. Abin da ke tabbas shi ne ana bibiyar wasansa ta katin nan, kuma idan bai yi wasa ba tayin gaba zai ragu ko ya tsaya. A nan ne mutane da yawa ke zamewa, su ce bari a ɗan taɓa don kada a rufe ƙofa. Sannan a tambayi kai: takardar ta zo wa wanda bai taɓa caca ba? Da wuya. Tana zuwa ne ga wanda aka riga aka auna, aka ga yana zama. Ɗaukar irin wannan mutum a sa shi kwana bakwai a gini ɗaya da ɗakin caca, a tsakiyar teku inda ba wurin gudu, ba hutu ba ne gare shi. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a aji ɗaya da jarabar ƙwaya da giya, kuma ba wanda ya fara ta da niyyar kamuwa. Kowa da ɗan wasa ya fara.

Abin da ya fi ɓata rai a saƙon shi ne yadda aka canza wa abu suna don Musulmi ya samu natsuwar shiga. Zuba kuɗi a inji ana jiran sa'a caca ce, ko da niyyar mutum maki ce ba riba ba, kuma hukuncinta a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Batun wanda aka gayyata a matsayin mutum na biyu a takardar wani, wannan tambaya ce ta malamai, ya kai musu ita da cikakken bayanin inda takardar ta fito. Amma kada wani ya ce wa matarsa ko mahaifinsa kyautar kamfani ce ya yi shiru a nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma iyali suna da haƙƙin sanin abin da aka biya.

Wanda ke son kai iyalinsa teku, hanyar a buɗe take ba sai ta gidan caca ba. Ya shiga shafin kamfanin da kansa, ya sa adadin mutanensa na gaskiya, ya duba jimillar ƙarshe da haraji a ciki, ya ƙara tukwici da kuɗin zuwa tasha, ya tabbatar da fasfo da bizar kowa. Mai jariri ya sani ba a ɗaukar wanda bai kai wata shida ba, mai juna biyu kuma ba a yarda ta shiga idan cikin zai kai mako 24 a lokacin tafiyar. Farashi ya fi sauƙi a watan Satumba da Janairu fiye da lokacin hutun makarantu. Idan kuma saƙon ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba, ka tambayi wanda ya turo maka nawa shi ya zuba a inji kafin takardarsa ta fito.