Algarara Ba Ta Ceton Zogale a New York

Duk wanda ya ratsa unguwannin Bronx da Brooklyn a ƙarshen Nuwamba zai ga itatuwan ɓaure an naɗe su da algarara, an ɗaure da igiya, wani ma an kifa masa bokiti a ka. Al'ada ce da 'yan asalin Italiya suka daɗe suna yi don ɓaurensu ya kai bazara. Hausawan Bronx, 'yan Nijeriya da Nijar da zangunan Gana, suna da dalilin lura da wannan dabara, domin su ma suna son ganin zogale da shuwaka da lalle a ƙofar gida. Sai dai sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma kafin a ɗauki algarara ya kamata a san iyakar aikinta.

Bargo yana ɗumama mutum ne domin jikinsa na fitar da zafi. Itace ba ya fitarwa, don haka tsumma ba ya ƙara masa ɗumi sai ɗan abin da ya tare daga ƙasa. Aikinsa shi ne tare iska mai busar da rassa, da ranar hunturu mai tsaga ɓawo, da gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara. Idan ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya jan ruwa, sai iska ta busar da shuka har ta iya mutuwa da ƙishi. Ɓaure yana zubar da ganye ya yi barci, ɗan taimako ya ishe shi. Zogale kuwa ɗan ƙasar zafi ne. Hunturun Kano, komai tsananinsa, ba ya daskarar da ƙasa, amma a Janairun New York ma'auni kan sauka ƙasa da sifili dare bayan dare. Ko an naɗe zogale ninki goma, ba zai wayi garin Afrilu ba. Mafitarsa tukunya ce: a shigar da shi ɗaki kusa da taga tun Oktoba, a rage ban ruwa. Wajen naɗe itace kuma, a guji leda, domin tana tara raɓa ta ruɓar da itace.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda shagunan 'yan Afirka na sayar da garin zogale, kuma yawancin mutanenmu 'yan haya ne marasa fili. Maganar fili tana da amsa, domin shirin GreenThumb na birnin, wanda aka kafa a 1978, yana tallafa wa lambunan unguwa sama da 500. Garin kanti kuwa yana yin miya, amma ba ya nuna wa yaron da aka haifa a Amurka yadda ake tsinke ganye a yi kwaɗo. Saboda wannan yaron ne ya kamata uwa da uba su koyi wace shuka ake naɗewa a waje, wace kuma ake shigarwa ɗaki kafin sanyi ya sauka.