Kaka da Jika: Sunayen Kira a Tsakaninsu

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, haihuwar jikan fari ita ke ɗaga mutum daga matsayin uba ko uwa zuwa matsayin kaka. Kalmar "kaka" ba ta bambanta namiji da mace, sai dai a ce "kakana" ko "kakata". Haka kuma ba ta bambanta na wajen uwa da na wajen uba. Daga jika sai tattaɓa-kunne, wato ɗan jika. Amma abin lura shi ne, ba kasafai jika ke kiran kakansa da "Kaka" kai tsaye ba. Wannan maƙala za ta duba inda sunayen da ake kira da su suke fitowa, da abin da suke nunawa game da zaman iyali.

Kunya da Wasa

Tsakanin iyaye da 'ya'yansu akwai kunya, musamman ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna masa so a gaban mutane. Wannan giɓi kakanni ne ke cike shi. Tun cikin fari akan kai mace gidan iyayenta goyon ciki, mahaifiyarta ta kula da wankan jego na kwana 40. Idan lokacin yaye ya zo, wajen kaka akan kai yaron, wani ma can zai tashi.

Saboda haka kunyar da ke tsakanin ɗa da mahaifi ba ta kaiwa ga jika, wasa ne ke maye gurbinta. Masanin al'adu Radcliffe-Brown ya yi bayanin irin wannan dangantaka ta barkwanci a shekarar 1940, kuma littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya nuna yadda take gudana a gidajen Hausawa.

Sunayen da Jika Ke Kiran Kaka

Ana iya kasa su gida uku:

1. Na gado daga bakin iyaye. Yaro yana kwaikwayon abin da ya ji ne. Idan ya ji mahaifinsa na cewa Inna, Iya, Baba ko Malam, shi ma haka zai ce. Shi ya sa ɗan fari da ya tashi a hannun kakarsa kan kira ta Inna, mahaifiyarsa kuwa ya kira ta Yaya, domin haka ya ji ƙannenta ke kiran ta. Wasu daga cikin waɗannan sunaye, kamar Dada da Goggo da Baffa, aro ne daga Fulatanci.

2. Na matsayi. Zuwa aikin Hajji kan kawo Alhaji da Hajiya, kuma sukan danne tsohon suna gaba ɗaya. Haka Malam da Liman, ko sunan wata sarauta.

3. Na bambantawa. Tunda yaro na da kakanni huɗu, yakan jingina kowa ga garinsa ko unguwarsa, a ji Hajiyar Zariya, Innar Fagge, ko Baba Tsoho. Wani lokaci ma tsamin bakin jikan fari ne ke haifar da suna, ya bi tsohuwa har manya su ɗauka.

Sunayen da Kaka Ke Kiran Jika

A nan ne wasan ya fi fitowa fili. Kaka mace kan kira jikanta namiji Miji, Ango ko Maigida, ta riƙa tuhumarsa da rashin kawo cefane. Jikanya kuwa Kishiya ce. Kaka namiji shi ma yakan kira jikanyarsa Amarya. Jika na da damar ramawa, ya tsokani furfura ko giɓin tsohuwa, abin da ba zai taɓa yi wa mahaifiyarsa ba.

Akwai kuma batun takwara. Ranar suna akan mayar wa jariri sunan kakansa. Tunda mace ba ta faɗin sunan surukinta, ɗa ma ba ya faɗin na mahaifinsa, sai a sakaya da laƙabi irin su Abba, Baba, Ummi, Magaji ko Mai-sunan-Malam. Ta haka jika ke amsa sunan girma tun yana goye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa waɗannan sunaye sun dogara ne ga zama tare. Sai yaro ya ji ana kiran Inna kullum kafin ya iya, sai kuma ya saba da tsohuwa kafin ya tsokane ta. A yau aiki da karatu sun raba iyalai da yawa da babban gida, har akan sami jikan da sai da salla yake ganin kakarsa, ko ya ji muryarta ta waya. Irin wannan yaro yakan gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa, wasan kuwa babu. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattara waɗannan sunaye gari-gari, daga bakin tsofaffin da ke amsa su, tun suna raye.